Dodo a Kan Takarda: Labarin Zane Mai Ban Tsoro da Rabon Bahaushe a Cikinsa

Laccar da aka gabatar a garin Baure, masarautar Daura, a gaban malamai da ɗalibai da masu sha'awar rubutu

 



An nemi in yi magana a kan wani irin littafi da da wuya ka same shi a teburin mai sayar da littattafai a Baure, ko a Daura, ko ma a Katsina. Littafi ne da ake ba da labari a cikinsa da zane. Ana raba shafi gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida da hotonsa, maganar mutanen ciki kuma tana fitowa daga bakinsu a cikin ɗan da'ira. Wanda ya shafe mu yau shi ne mai ban tsoro, wanda aka yi domin manya. Na san akwai masu cewa a ransu: zane ai wasan yara ne, tsoro kuwa wanda muke ciki bai ishe mu ba, sai mun sayo wani? Duk maganganun nan biyu zan taɓa su. Amma gara ku san inda na tsaya tun yanzu. Bahaushe yana da kayan wannan sana'a fiye da yawancin waɗanda suka yi suna da ita, kuma in zai shige ta, hanyar da za ta karɓe shi ita ce ta ɓoyewa: ya zana duk abin da ke kewaye da Dodo, shi kuwa Dodon ya bar shi cikin duhu.

Bari mu fara daga inda abin ya fara ƙarfi. A shekarar 1950 wani mai kamfanin ɗab'i a New York, William Gaines, ya soma fitar da mujallun zane uku na ban tsoro, wadda ta fi shahara ita ce Tales from the Crypt. Kowace mujalla tana da mai ba da labarinta, wani mummunan tsoho ko tsohuwa, shi zai buɗe labari da zolaya, ya rufe shi da dariyar ƙeta. Labaran kuwa kusan hanyarsu ɗaya: mutum ya ci amana, ya kashe matarsa ko abokin cinikinsa saboda dukiya, sai gawa ta taso ta biyo shi. Alhaki ne ke bin mai shi, ba wani abu ba. Matasa suka yi ta saye, iyaye suka yi ta fushi. Tun a 1948 an riga an tara irin waɗannan mujallu an ƙona a wasu garuruwan Amurka. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana cewa su ne ke lalata tarbiyyar yara. A watan Afrilun shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna sauraron bahasi, Gaines ya je kare kansa, aka ɗaga masa bangon mujallarsa mai hoton mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace. Bai fita da daɗi ba. Kafin shekara ta ƙare kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu da kansu, suka hana zana gawa mai tafiya, da masu shan jini, da mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci. Mujallun Gaines na ban tsoro suka mutu murus.

A Birtaniya abin ya ma fi ban mamaki. A watan Satumban 1954, a birnin Glasgow, ɗaruruwan yara suka cika wata maƙabarta da sanduna da wuƙaƙe, wai suna farautar wani dodo mai haƙoran ƙarfe da ya cinye yara biyu. Babu yaron da ya ɓata. Aka ɗora laifin a kan mujallun Amurka, a 1955 majalisa ta yi dokar hana su. Sai a 2012 wata malamar jami'a a Illinois, Carol Tilley, ta bi takardun Wertham ta gano ya murɗe bayanan yaran da ya kafa hujja da su. Mu ma nan mun ga makamancin wannan: a 2007 an tara littattafan soyayya na Hausa an cinna musu wuta a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Ban kawo wannan tarihi don in yi wa iyaye dariya ba. Uban da ya tsinci hoton yankakken kai a jakar ɗansa mai shekara tara yana da gaskiyar ya fusata. Kuskuren da aka yi shi ne an zuba na yara da na manya a tebur ɗaya, a farashi ɗaya, da bango iri ɗaya. Da aka raba su, sana'ar ta farfaɗo. A 1964 James Warren ya fito da mujallar Creepy, babba, baƙi da fari, wadda ake ajiyewa tare da mujallun manya. A 1984 wani Bature ɗan Ingila, Alan Moore, ya karɓi labarin Swamp Thing ya mayar da shi abin da babba zai karanta ya yi tagumi. A 1993 kamfanin DC ya buɗe wani reshe, Vertigo, wanda ake rubuta wa a bango cewa na manyan masu karatu ne. The Walking Dead, wanda da yawanku kuka gani a fim, a takarda ya fara a 2003, baƙi da fari, ya kai fitowa 193 kafin a rufe shi a 2019.

Amma ni wanda ya fi dacewa da mu ba a Amurka yake ba, a Japan yake. Shigeru Mizuki an haife shi a 1922, ya tashi a wani ƙaramin garin masunta da ake kira Sakaiminato. Wata tsohuwa da ke taimaka wa gidansu da aiki ita ta cika masa kunne da labaran iskokin yankinsu: mai lasar dattin banɗaki, mai bin mutum a baya da dare yana jin takunsa. Ya je Yaƙin Duniya na Biyu, ya baro hannunsa na hagu a can. Da hannu ɗaya ya zauna ya zana iskokin nan, har ƙasar duka ta san su ta hanyar labarinsa na Kitaro. Littafin da ya yi a kan ita tsohuwar ya ci babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2007. Garinsu kuwa, tun 1993 ya ware titi guda ya jera gumakan tagulla fiye da ɗari na halittun da ya zana, baƙi suna tururuwa. Gumakan ba namu ba ne, ba na kuma kiran kowa gare su. Abin lura shi ne jarin mutumin nan duka bakin tsohuwa ɗaya ne. Akwai kuma Junji Ito, wanda ya fara da aikin haɗa haƙoran roba. A littafinsa Uzumaki, na 1998 zuwa 1999, babu dodo ko ɗaya. Murɗaɗɗen zane ne irin na bayan katantanwa ya addabi gari, yana fitowa a hayaƙi, a gashin kai, a ruwa, har mutane su haukace. Mu da muke kaucewa guguwa muna neman tsari, wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

A Nijeriya fa? Dattawan da ke nan za su tuna mujallar African Film ta Lance Spearman, wadda aka yi da hotuna daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970, ana karɓar aronta hannu da hannu a makarantun kwana. Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976, ita ta barkwanci ce. A 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas, cikin taurarinsu akwai Eru, wanda ƙarfinsa duka tsoro ne. Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro labarin Malika, wadda ya ɗauko daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ku lura da wannan na ƙarshe. Kayanmu ne, wani ya ga darajarsa ya ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba. A ɓangaren Hausa muna da rubutun zube mai aljanu da matsafa tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934, har zuwa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasa suka yi ta haya a shaguna. Muna da hotuna a cikin Magana Jari Ce, amma hoto ne ɗaya yana raka labari, ba shi ke ɗauke da labarin ba. Wannan gurbi a buɗe yake.

To me muke da shi a rumbu? Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, akasarinsa daga rubutun ajami na malaman ƙasar Sakkwato. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni. Duk wanda ya sake karanta su da idon babba zai ga cewa abin da muke kira na yara, wani ko babba sai ya yi da gaske. Ku tuna Ta-Kitse, amaryar da aka yi da kitse, kishiyoyi suka tilasta mata fita rana ta narke. Ku tuna budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo, har wani santalelen baƙo ya zo ta bi shi, a hanya ya riƙa mayar da kayan aro, wannan ya karɓi riga, wancan ya karɓi ƙafa, har ya koma ainihinsa, ga ta ga shi a dokar daji. Ku tuna marainiyar da aka aika Ruwan Bagaja ta iske gida babu kowa sai cinya da kare, cinyar tana gurnani, karen yana fassara mata. Cinya, jama'a, ita kaɗai, ba gangar jiki. Ban san wani mai zane a duniya da zai ji wannan bai nemi alƙalami ba. Ga fatalwa, ga kurwa, ga Doguwa a gindin tsamiya, ga kukar da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana, ga 'yan ruwa.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya amsa a ransa: yaya kamannin Dodo suke? In na raba takarda a ɗakin nan na ce kowa ya zana, ba za a sami biyu iri ɗaya ba. Kakanninmu ba su taɓa siffanta shi daga kai har ƙafa ba. Sai dai a ce gashi buya-buya, a ce ƙasa tana girgiza, a ce ya shaƙi iska ya ji warin mutum. Sauran kuwa yaro ne ke ƙera abinsa a cikin duhun ɗaki, kuma kowa yana ƙera daidai abin da ya fi tsoro. Hikimar hana tatsuniya da rana ke nan, ko ba a faɗa ba. Ranar da ka zana Dodo sarai da rana tsaka, da haƙora talatin da biyu da farata, ka rage masa girma, ka mayar da shi dabba. Masana labarin zane sun daɗe da gane haka. Scott McCloud ya yi bayani a 1993 cewa aikin gaske yana faruwa ne a ɗan farin filin da ke tsakanin gida da gida: a nan an ɗaga gatari, a can an ji ƙara daga nesa, saran kuwa mai karatu ne ya yi shi a zuciyarsa. Abin da McCloud ya rubuta littafi a kansa, kowace gwaggo mai tatsuniya a ƙasar Daura ta iya shi.

Ku ba ni dama in gwada muku da labarin da ya fi kusa da mu, na rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ba zan fara da maciji ba. Shafin farko gari ne da rana: tuluna a kife, akuya tana lasar gindin randa, yaro leɓensa ya tsage, uwa tana ƙidaya kwanaki da yatsu, saura nawa Juma'a. Babu magana ko ɗaya a shafin. Shafi na biyu dare ne, baƙo ya sauka da doki a gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa. Ba sai mun ga fuskarta ba, hannunta kawai za a zana yana rufe bakin randa da faifai. Shafi na uku, bakin rijiya, baƙin da'ira ɗaya ya cinye shafin duka. Daga nan sai dogayen gidaje sirara guda shida a jere, guga tana sauka, a kowane gida tana ƙara ƙanƙancewa, igiya tana zarya a tafin hannu. A na shida igiyar ta miƙe ƙyam, wani abu ya riƙe ta daga ƙasa. Nan shafi ya ƙare. Dole mai karatu ya sa hannunsa ya juya, kuma wannan juyawar makami ce da mai fim ba shi da ita, domin mai karatu da kansa yake buɗe wa abin ƙofa. Ya juya, me zai gani? Idon doki, a zazzare, ya cika shafi. Sai asuba: jama'a sun yi cirko-cirko daga nesa, babu mai matsawa. A wata ruwayar ma an ce Galadima ya tsaya daga baya, Kaura ne ya ƙarasa ya tabbatar. Kan macijin ba za a gan shi ba sai a matsayin nauyi a cikin jaka, tana ɗiga.

Wannan na tsoro ne. Amma me ya sa na ce na manya? Domin yaro macijin yake tsoro, babba kuwa in ya natsu, garin ne zai firgita shi. Gari guda, da mayaƙansa da masu sarautarsa, ya saba da ƙishirwar kwana shida a mako, har uwaye suna koya wa 'ya'yansu cewa haka duniya take, har sai da baƙon da bai san doka ba ya zo. Shekara nawa aka yi a haka? Yara nawa aka binne? Ban ce a taɓa tarihin yadda fada ta adana shi ba, Allah ya ja zamanin Sarki. Na ce ne a cikin labarin da kowa ya haddace akwai ɗakin da ba a shiga ba. Manyantakar littafi tana nan, a irin tambayar da yake bar maka. Tsiraici da jini malala ba su mayar da littafi na manya, sau da yawa ma alamar mai zanen bai girma ba ce.

Na ga malamaina suna gyara zama, na san batun sura ne. Magana ce mai nauyi, ba kuma zan yi mata shigar sauri ba. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai. Malamai sun yi bayani, sun kuma saɓa a wasu rassan. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, haramcin ya fi tabbata a kan sura mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa, da yawa daga malaman mazhabar ba su kai shi haramun ba, wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka. Fatawa ba tawa ba ce, ga masu ita nan zaune, duk matashin da zai shiga wannan aiki ya je ya durƙusa ya tambaya. Abin da zan ƙara kawai shi ne salon ɓoyewar nan da nake kira gare shi ya rage matsalar da kansa: inuwa a jikin katanga, sawu a kan rairayi, hannu, ƙeya, ƙofar da aka bari a buɗe. Akwai kuma iyakokin da ba sai an tambaya ba. Ba a zana Annabawa, ba a zana mala'iku, ba a zana sahabbai. Ba a rubuta aya a shafin da gobe za a iya ƙunshe ƙosai da shi. Samuwar aljanu kuwa ba abin musu ba ce ga Musulmi, sura guda ce a Alƙur'ani, saboda haka mai karatunmu ba ya ɗaukar abin a matsayin wasa zalla yadda Bature ke ɗaukar nasa. Wannan yana ƙara wa labarin ƙarfi, yana kuma ƙara wa marubuci nauyi.

Nauyin nan shi ne abin da ya fi damuna, kuma ina roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Bature in ya zana mayya, ya zana abin da mutanensa suka daina kashe mutum a kansa tun ɗaruruwan shekaru. Mu ba mu daina ba. Har yau yaro zai yi zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunan wata a cikin magagi, kafin la'asar an taru a ƙofar gidanta, a ce ta kama kurwarsa, a fito da ita a ce sai ta tsallaka shi, wani lokaci a tuɓe ta, wani lokaci ba ta kwana a duniya. Kuma in ka duba, kusan kullum tsohuwa ce, matalauciya, wadda ba ta da ɗa namiji a kusa. Zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ne, asibiti yake so. Duk mai zanen da ya ba mayya fuskar irin wannan tsohuwa, ya sa ta zama gaskiya a labarinsa, ya sani yana da kamasho a dukan da za a yi wa ta gaba. In kana son labarin maita mai sa gashin jiki ya tashi, shiga cikin ɗakin wadda ake zargi, ka zana daga idonta: hasken tocila yana yawo a jikin zana, muryoyin da ta sani, yaran da ta yi wa wankan jego suna riƙe da duwatsu. Ba ka bukatar ƙara wani Dodo.

Wannan ya kawo ni ga masu cewa tsoron da muke ciki ya isa. Gaskiya ne muna ciki. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jiharmu. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su, kuma yawancinsu daga yankin Kance suka fito, nan ƙetaren iyaka, 'yan'uwanmu na jini da aure. Wanda ya bi ta Babban Mutum ya nufi Magarya ya san ba nisa nake faɗa ba. To amma labarin tsoro tun asali ba don ƙara tsoro ake yin sa ba. Wuri ne da mutum ke kallon abin da ke cin ransa alhali ƙofa tana kulle, yana da ikon rufe littafi ya sha ruwa. Abin da ba ya faɗuwa a bainar jama'a, sai a sa wa Dodo rigarsa a faɗa. A 2018 an buga wani littafin zane a Amurka mai suna Infidel, labarin wata Musulma da ke zaune a benen da wasu halittu ke ciki, abincinsu ƙiyayyar da maƙwabta ke yi mata. Marubucin ya faɗi abin da shafin jarida goma ba zai faɗa ba. A Kano ma, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yanmatan wasu makarantun kwana suka riƙa faɗuwa ana cewa aljana Sumbuka ce, akwai labarin tsoro na gaske a ciki, na yarinya da aka raba da gida, da matsin da ba ta da bakin faɗa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ɗauki masifar wani gida sananne, da sunansa da kamanninsa, a mayar da ita abin nishaɗi.

Saura batun kuɗi da hannu, shi ma ba zan ja shi ba. Takarda ta yi tsada, kowa ya sani. Amma labarin tsoro shi ne mafi arhar abin bugawa, domin baƙi da fari ya fi yi masa kyau. Ga kuma waya. Marubutanmu mata sun riga sun buɗe kasuwa a WhatsApp, suna sayar da labari kashi-kashi, ana biya ta banki. A Koriya ta Kudu an ƙirƙiro salon zanen da ake karantawa ana jan allon waya zuwa ƙasa, har wani gajeren labarin fatalwa da aka saki a 2011 ya zaga duniya. Ku ɗauki saukar gugan nan ta Kusugu ku sa ta a irin wannan salo, babban yatsan mai karatu ne zai riƙa zura igiyar.

Masu zane kuwa muna da su, ba mu dai kira su da sunan ba. Ga mai rubuta allon shago da bayan babbar mota. Ga alaramma mai zayyana, wanda ya san yadda ake cika fili da layi ba tare da surar komai ba. Ga mai zanen lalle, ga mai ɗinkin aska takwas, ga maginin da ke yi wa soro ado. Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana da idon gida. Wannan shawara ba ta tsufa ba. Ga masu cewa kwamfuta za ta zana musu, ku gwada ce mata ta zana Dodo, ku ga ƙaton da za ta ba ku, da ƙaho da sulke, wanda bai taɓa shan fura ba.

Saboda haka ga roƙona. Ɗalibai, kakanninku da suka iya tatsuniya suna ƙarewa, talabijin da waya sun karɓe musu dare. Ku je da ladabi ku nemi izini, ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta sunan ƙauyen da ranar. Mai iya rubutu ya nemi mai iya zane, ku fara da shafi takwas, kada ku ce sai ɗari. Ku rubuta a bango, da manyan baƙaƙe, cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, ku kuma tsaya a kan hakan ko da zai rage muku ciniki. Malaman Hausa da na zane a makarantunmu na Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa da Daura, ku duba musu aikin kafin ya fita. Iyaye kuma ku sani, na ƙasashen waje sun riga sun shigo wayoyin 'ya'yanku, ba su jira izinin kowa ba. Ku riƙa tambayarsu me suke karantawa, ku zauna ku gani tare da su.